Yadda ake zaɓar ƙaramar amfilifaya mai tiransista ga sipika mai saurin amsawa

Sau nawa na ga yaro ya samu sipika masu kyau a wajen masu kayan gwanjo, irin masu bakin ƙaho ɗin nan da ake saukewa daga Turai, sai ya ruga kasuwar Gumi ya kinkimo amfilifayar da aka rubuta wat 5000 a kwalinta, ya dawo yana kukan sauti ba daɗi. Wannan lambar da suke kira PMPO ta talla ce kawai, ni ko kallonta ba na yi, lambar RMS za ka nema, ita ce ainihin wat ɗin da amfilifaya ke iya bayarwa a kai a kai.

Ka fara da juya bayan sipikarka ka karanta. Akwai lamba da dB a gabanta, ita ce ƙarar da sipika ke bayarwa in an ba ta wat 1 kana tsaye a nisan mita 1. Sipikun falo na yau da kullum suna tsakanin 85 da 88, masu ƙaho kamar na kamfanin Klipsch kuwa suna haura 95, irinsu nake kira masu saurin amsawa. Duk ƙarin dB 3 sai ka ninka wat sau biyu kafin ka same shi, ke nan abin da mai 86 za ta yi da wat 40, mai 95 da wat 5 ta gama shi. A falo irin namu na Unguwar Rimi ko Kawo da kujera ba ta wuce mita 3 daga sipika ba, wallahi wat 1 ko 2 kake sha yawancin lokaci. Wat 8 zuwa 20 a kowane gefe ya ishe ka har da ragowa. Ka duba kuma ko ohm 8 ce ko 4, ka tabbata amfilifayar ta yarda da ita.

To ga inda ni na faɗi, kuma nan nake so ka tsaya da kyau. Sipika mai saurin amsawa ba waƙa kaɗai take ƙarawa ƙarfi ba, har dattin da ke cikin amfilifaya take tonowa. Na taɓa sayen wata mai wat 100 a wani shago, an gwada min ita da rana ga janareto na ruri ga ƴan Keke Napep na hon, komai ras, da na kai gida dare ya yi yara sun kwanta sai na ji sssss daga kan kujera kamar an bar gas a buɗe, ba a kunna komai ba fa. Ga boliyom kuma da ka ɗan murɗa ta cika ɗaki, in ka rage sai gefen hagu ya fi na dama ƙara, domin irin wannan maɓallin mai araha ba ya daidaita a can ƙasa. Wata uku ina canza waya ina zargin sipika, ashe amfilifayar ce take ninka sigina fiye da yadda ake buƙata.

Saboda haka kada ka biya sai ka yi wannan gwajin. Ka ce wa mai shago, Alhaji don Allah a bar ni in je da ita gida in gwada zuwa gobe, ko ka ɗauko sipika ɗaya ka zo da ita. Haɗa, kunna, kada ka saka waƙa, kai kunnenka dab da ƙahon. Ɗan siririn sauti da ba ya wuce taƙi ɗaya ba komai, amma in kana jin sa daga taku biyu, ajiye masa kayansa ko nawa ya rage maka. Sannan ka saka karatu ko muryar mutum ɗaya a can ƙasa ƙasa ka ji ko tana fitowa daga tsakiyar sipikun biyu.

Batun iri kuma, masu kuɗi suna son Class A irin na Nelson Pass, wani gwanin ƙera amfilifaya, har kamfaninsa ɗaya First Watt yake suna don wat ɗin farko shi ne komai a wajensa. Sautin akwai daɗi, amma tana jan wuta ko ana kiɗa ko ba a yi, tana zafi kamar dutsen guga, ka tuna da watan Afrilu a Kaduna ka tuna da batirin inbatarka. Ni dai ba na ba mai sola shawararta. Ka nemi mai cif ɗin LM1875 a ciki da ke ba da wajen wat 20, ko ƙaramar Class D mai cif ɗin TPA3116. Ita wannan ta biyun ana iya saita yadda take ninka sigina a dB 20, 26, 32 ko 36, da yawa suna zuwa a sama, kai wa mai gyaran rediyo ya canza resista ya sauke ta zuwa 20, kuɗin bai taka kara ya karya ba kuma sssss ɗin zai ragu sosai.

Wutar da za ka ba mai TPA3116 ɗin, cajar laftof ta asali mai bolt 19 ta wadatar, jabu tana kawo ƙugi. Batir mai bolt 12 ma yana yi, za ka samu wajen wat 8 a ohm 8, kuma shi ne mafi shiru. Wayar sipika ta tagulla ta talakawa ta isa, ja ga ja baƙi ga baƙi, ka rage boliyom kafin ka kunna.