Yadda Ake Cin Tseren Keke da Dabarar Ƙungiya

Wanda ya tsaya bakin titi yana kallon tseren keke zai ɗauka mai ƙarfin ƙafa ne ke ci. Wanda ya hau sirdi kuwa ya san babban abokin gabarsa iska ce. Da gudu ya haura kilomita 35 a awa, yawancin ƙarfinka yana tafiya ne wajen tsaga ta, amma wanda ya laɓe a bayan wani yana adana kusan kashi 30 cikin 100. Daga nan duk dabarun suka samo asali, kuma a nan ne sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. A Tour de France, babban tseren keke na ƙasar Faransa, kowace ƙungiya mutum 8 ce. Ku da kuke tsere don sha'awa, ko ku huɗu ne kun isa.

Mataki na farko, ku zaɓi madugu, wato wanda sauran za su yi wa aiki don ya ci, tun kafin ranar tseren. Ku duba hanyar: in shimfiɗaɗɗiya ce, wanda ya fi zafin gudu a mita 200 na ƙarshe shi ne naku, in tana da hawa, marar nauyi mai dogon numfashi. A faɗi sunansa a gaban kowa. Wannan ya fi komai wuya, domin kowa ya sayi kekensa da guminsa, kowa yana son a tafa masa. Amma na fi son a yi gardamar a inuwar bishiya daren jajibiri da a yi ta a kan kwalta.

Na biyu, ku koyi karɓa-karɓa. Ku jeru, tayar gabanka kamar taku ɗaya daga tayar bayan na gabanka. Wanda ke gaba ya ja na daƙiƙa 20 zuwa 30, ya ɗan kaɗa gwiwar hannu alamar "karɓi", ya kauce ta ɓangaren da iska ke zuwa, ya sulale zuwa baya. Kai da ka karɓa, kada ka ƙara wuta don nuna kai ma namiji ne. Riƙe gudun da ka tarar. Idonka a kafaɗar na gabanka da abin da ke gabansa, ba a tayarsa ba. Kada tayarka ta shiga gefen tasa, da ya ɗan karkata kai ne a ƙasa. In ka ga rami, nuna shi da yatsa. Madugu kuwa a ɓoye shi, kada iska ta taɓa shi sai dole.

Na uku, iskar gefe. Duk wanda ya yi atisaye da sanyin safiya lokacin hunturu a fili marar bishiyoyi ya san yadda take turo keke. A nan bin baya kai tsaye ba ya amfani. In ta hagu take zuwa, na gaba ya riƙe hagu, na biyu ya laɓe a bayansa ta dama, na uku haka, kamar jerin tsuntsaye masu ƙaura. Faɗin titi yana da iyaka, don haka mutum kaɗan ne ke samun mafaka, sauran su miƙe a bakin kwalta suna shan wuya har ayari ya tsinke. Ku san kwanar da za ta juyo da iska gefe, ku kai madugunku cikin goman farko kafin a iso ta. In ba a rufe titin ba, kada wanda ya tsallaka hannun motoci saboda mafaka.

Na huɗu, masu ɓallewa. Idan mutum uku ko huɗu suka tsere wa ayari, ku tabbata akwai naku a ciki. Da ya shiga, aikinku a baya ya zama hutu: wasu ƙungiyoyi ne za su ƙone suna kora. Ku zauna a na biyu ko na uku a layin masu korar, ba ja, ba kuma taka birki ko tare hanya, wannan ƙeta ce. Na taɓa ganin wani yaro, ƙarfi kamar doki, ya sunkuyar da kai ya jawo ayari duka har suka kamo abokinsa da ya ba da ratar kusan minti ɗaya. Da aka gama yana haki yana murna wai ya yi aiki. Abokin ya jingine keke, ya zauna a kan dakali, ya kasa ko buɗe gorarsa. Har yau abin yana yi mini ciwo.

In ku biyu ne cikin masu ɓallewa, ɗaya ya fita da gudu, ɗayan ya laɓe. Da an kamo na farko, na biyu ya fita nan take, kafin su maido numfashi.

Taya ta yi faci? In ta madugu ce, wanda ke kusa ya ba shi tasa, wasu biyu su jira su jawo shi. Ruwa ma haka.

Na ƙarshe, kilomitar ƙarshe. Biniam Girmay na Eritiriya ya ci zango har sau 3, da koriyar rigar da ake ba wanda ya fi tara maki, a Tour de France ta 2024, kuma in ka sake kallon tseren za ka ga abokansa suna ratsa cunkoso da shi kafin ya fito. Ku jeru tun saura kilomita 2, madugu a ƙarshenku. Na farko ya ba da duk abin da ke jikinsa ya kauce, na biyu ya kai saura mita 500, na uku ya ajiye madugu a wajen mita 200. Wanda ya gama nasa ya miƙe a kan layinsa yana rage gudu, kada ya karkata, domin akwai kekuna da yawa a bayansa. Ku gwada wannan jerin sau da dama a titi marar motoci, ku sa dutse a mita 500, wani a mita 200, har kowa ya san inda zai kauce ba tare da an kira sunansa ba.