Idan fitsari ya cinye wa zomonka fata, ga yadda za ka yi

Jama'a barkanmu da war haka. Maganar zomo ce na zo da ita, don yanzu a Damagaram gida da yawa za ka tarar da ɗaya ko biyu da aka sayo wa yara na wasa, kuma da bazara ta kama matsala guda ke ta dawowa. Ni ma ta same ni da farar zomanyar ɗiyata, wata safiya yarinyar ta ce Baba zomona na wari, na ɗaga ta na duba, wallahi sai da jikina ya yi sanyi, gashin cinyoyi da ƙarƙashin bindi ya jiƙe ya dunƙule ya koma ruwan ɗorawa, inda ya zube kuma fatar ta yi jajir kamar an watsa mata ruwan zafi. Fitsarinta ne ya zauna a jikin har ya ci fatar.

Farko dai ka buɗe gashin da yatsa ka duba ko akwai ƙwan ƙuda, ƴan farare kamar tsakin shinkafa, ko tsutsa. A zafinmu na watan huɗu da na biyar da ake wuce digiri 40, ƙwan ƙuda ba ya kai kwana guda ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta shiga cin nama. In ka ga haka ka bar duk abin da zan faɗa a ƙasa, ka ɗauke shi sai wajen lokotoron bisashe a ranar.

In babu tsutsa sai wanki. Kar ka tsoma zomo gaba ɗaya cikin bokiti, tsoro da sanyi kan kashe shi, kuma in yana fizge-fizge zai iya karya bayansa da kansa don ƙafafun bayansa sun fi ƙashin ƙarfi. Samo ƴar roba, zuba ruwa mai ɗumi-ɗumi wanda gwiwar hannunka ba ta jin zafinsa, zurfin santimita 2 zuwa 3 ya isa, ka ga ko ranar da pampo bai zo ba buta guda ta wadatar. Ku zama ku biyu, kuma a ƙasa kan tabarma. Ɗaya ya tallabe ƙirji ya manna shi a jikinsa, ɗayan ya sauke gindin kawai cikin ruwan yana murza gashin a hankali har abin da ya daskare ya saki. A canza ruwa sau biyu ko uku. Dan Allah a bar ɗaga zomo da kunne, na san haka muka taso muna gani a kasuwa amma azaba ce. Ba Omo, ba Dettol, ba alkol. In fatar ta tsage a ɗiga Betadin, maganin wanke ciwon nan, cikin ruwa har ya yi kalar shayi marar kauri a shafa da auduga.

Busarwa ita ce rabin aikin, kuma nan ne na yi kuskure da farko, na wanke ta na mayar keji da damshi, kwana biyu abin ya ƙaru. Gashin zomo kamar auduga yake, sama ta bushe ƙasa na jiƙe. Ka dinga dannawa da tawul mai laushi, kar ka goga, ka canza busasshe ka sake, sannan a zaunar da shi inuwa inda iska ke kaɗawa har ka sa yatsa can cikin gashin ka ji ba sanyi. Kar a shanya shi a rana don ya bushe da sauri, zomo tun daga digiri 30 ya fara wahala.

Gashin da ya dunƙule a rage shi, amma a yi hattara, fatar zomo siririya ce tana yagewa. Sa matajin kai tsakanin fata da gashi ka yanke abin da ke saman matajin da almakashi. Reza kam a'a. In ba ya tsayawa a bar wa lokotoro ya aske.

Abin shafawa kaɗan ne ke da aminci saboda duk abin da ka sa masa sai ya lashe. Ɗan baselin siriri a kan busasshiyar fata yana hana fitsari taɓa ta. Ranar da jiƙewar kaɗan ce, garin sitacin masara, Maizena ɗin nan, a barbaɗa a gashi a taje ya fita da dattin, amma ba a kan buɗaɗɗen ciwo ba. Hodar jarirai a'a. Farin man ƙurajen gindin jariri mai zinki a'a. Man shafe-shafen nan mai kortizon a'a. Baƙin man mota da toka da wasu ke sa wa awaki, ban ma san me zan ce ba.

Sai maganar da ta fi ci mini rai, kapso. Wani mai tallan magani ya miƙo mini amoksisilin wai in fasa in zuba mata a ruwa, Allah ya taimake ni na tambaya kafin in ba ta. Amoksisilin, ampisilin, penisilin ta baki, linkomisin da kilindamisin, duk suna kashe ƙwayoyin da ke narka abinci a hanjin zomo, zawo ya kama shi ya mutu cikin kwanaki. Maganin ƙuma na karnuka mai fipronil shi ma guba ne gare shi. Maganin ciwo da na ƙwayar cuta lokotoro ne zai auna nauyinsa ya rubuta.

To amma me ya sa fitsarin ke zama a jikinsa tun farko? Zomo mai lafiya ɗaga bindi yake ya yi fitsarinsa ya matsa. Wanda ya jiƙe kansa akwai dalili: ko kejin ya yi ƙanƙanta yana kwana cikin ƙazanta, ko ya yi ƙiba, ko tsufa da ciwon baya sun hana shi ɗagawa, ko mafitsara ta kamu. Na tawa abinci ne. Jikin zomo na zuƙe kalsiyam ɗin abinci da yawa, wato sinadarin nan mai gina ƙashi, sai ya fitar da rarar ta fitsari, shi ya sa za ka ga inda ya bushe ya yi fari kamar alli. Mu kuwa me muke ba su? Harawar wake, harawar gyada, zogale, dusa, ga ruwa kaɗan. Ganyayen nan cike suke da kalsiyam, fitsarin ya yi kauri kamar kunu, wani lokaci har tsakuwa, yana ɗiga kaɗan-kaɗan a cinya. Na rage harawar na koma busasshiyar ciyawa mai tsabta ita ce mafi yawa, da ɗan salati da aka wanke aka ba ta da ruwansa, dusa ɗan cokali. Ruwa kuma a kasko mai nauyi da ba ta kifarwa, safe da yamma sabo, zomo mai kilo 2 na iya shan kusan kwatan lita a rana, da zafi ya fi haka.

Fitsari ja ko ruwan lemu ba kullum jini ba ne, ganye kan rina shi. Amma in yana yunƙuri ba abin da ke fita, ko yana cizon haƙora don ciwo, ko yana jan ƙafar baya, ko ya yi awa 12 bai ci ba bai yi kashi ba, wannan ya wuce aikin gida.

Kejin kuwa na ɗora shi kan bulo a inuwar bedi, na shimfiɗa tsohon zane da ciyawa a sama ina canzawa sau biyu a rana, na lulluɓe shi da tsohon gidan sauro saboda ƙuda, da azahar kuma in an samu ƙanƙara mu naɗe butali da tsumma mu ajiye mata ta jingina. Cikin kwana biyar jan ya ragu, gashin ne ya ɗau makonni kafin ya rufe wurin. Har yanzu kowace safiya kafin ta tafi lakwal ɗiyata ke riƙe ƙirjin ni in leƙa ƙarƙashin bindi.