Yadda Ake Koyar da Bahaushe Harshen Sinanci Tun Daga Tushe

Kafin ka buɗe littafi, tambayi ɗalibinka abin da ya kawo shi. Ɗan kasuwar Kantin Kwari mai zuwa sarin kaya Guangzhou ko Yiwu buƙatarsa daban, mai neman gurbin karatu a jami'ar Beijing shi ma tasa daban. Na farko ciniki yake so ya iya. Na biyu sai ya tunkari HSK, jarrabawar gwada ƙwarewa a Sinanci, wadda a tsohon tsarinta mai matakai 6 ake neman kalmomi 150 a matakin farko, 1,200 a na huɗu. Ko wanne ne, Mandarin, wato daidaitaccen Sinanci, za ka koya masa. Mutanen Guangzhou suna da nasu harshen, Kantonis, amma Mandarin ya isa a yi ciniki a can.

Daga nan sai karin sauti, wato hawa da saukar murya, kuma a nan ya kamata ka daɗe. Mandarin na da karin sauti 4, da wani mara nauyi na biyar. Bahaushe ya taki sa'a, domin kunnensa ya saba da wannan tun yana goye, bai dai lura ba saboda rubutun boko ba ya nuna shi. Sa shi ya faɗi "kuka" na hawaye, sannan "kuka" ta miya. Da ya ji bambancin, sai ka kawo masa mǎi (saye) da mài (sayarwa). Ɗan kasuwar da ya rikita waɗannan biyu ya shiga uku. Ka riƙa zana hawa da saukar murya da hannu yana binka, kuma ka haɗa gaɓoɓi biyu-biyu tun da wuri, domin sauti kan canja idan ya haɗu da ɗan'uwansa: nǐ hǎo (sannu), a baki ní hǎo ake cewa.

Sai Pinyin, rubutun Sinanci da haruffan boko da gwamnatin Sin ta amince da shi a 1958. Tarkonsa shi ne ɗalibi zai karanta shi kamar Hausa. Harafin c a can ya fi kusa da "ts" mai fitar da iska, q kuma ya fi kusa da namu c. Gyara wannan a makon farko, in ya zauna a baki cire shi aiki ne.

Nahawu kada ka tsorata shi da shi. Aikatau ba ya canja siffa, kuma jerin jimla mai aikatawa ne, aiki, sannan abin da aka aikata wa, kamar dai namu.

Lissafi ne ke kayar da mutane. Sinawa suna ƙirga da wàn, wato dubu 10, don haka dubu 100 a wurinsu wàn goma ne. Ka mai da darasin kasuwa: kai mai shago, shi mai saye, ya tambayi farashi da duōshao qián, ya yi kukan tsada da tài guì le.

Haruffan Sinanci kuwa, a ganina a jinkirta su har kunne da baki su ɗan nuna. Idan lokacin ya yi, fara da sauƙaƙan da ake amfani da su a babban yankin Sin, ba na gargajiya irin na Taiwan da Hong Kong ba, ka kuma matsa masa ya bi tsarin jan layi ɗaya bayan ɗaya. Biyar a rana sun isa, muddin gobe za ka tambaye shi na jiya kafin ka ƙara masa sabbi.