Yadda za ka kai uwargida hutu a gidan baƙi na karkarar Ailan

Idan kana so ku keɓe kai da uwargida na 'yan kwanaki a Ailan, ka bar manyan otal-otal na Dabilin, babban birnin ƙasar, ga 'yan kasuwa. Nemi tsohon gidan baƙi a karkara, mai ɗakuna kaɗan, wanda masu shi a ciki suke kwana. Gida ɗaya kuma za ka zaɓa, ku yi kwana biyu ko uku a cikinsa. Masu zuwa da jerin wurare goma a takarda, a mota hutunsu yake ƙarewa, shi yana fama da sitiyari, ita tana fama da taswira, kafin la'asar an daina magana.

Ni yammacin ƙasar nake tura mutane, gundumar Clare ko yankin Connemara. Dukansu suna kan hanyar gaɓar teku da ake kira Wild Atlantic Way, wadda aka buɗe a 2014, mai tsawon kimanin kilomita 2,500. Kada tsawon ya ruɗe ka, kilomita talatin daga ciki sun ishe ku. Daga Dabilin zuwa Galway, birnin da ke kusa da Connemara, tafiyar awa biyu da rabi ce a babban titi, akwai kuma jirgin ƙasa daga tashar Heuston. In Clare kuka nufa, filin jirgin Shannon ya fi kusa. Wanda zai zo daga waje ya sani Ailan ba ta cikin tsarin bizar bai ɗaya ta Turai da ake kira Shengen, bizarta daban ce.

Wajen neman gida, fara da waɗanda hukumar yawon buɗe ido ta Fáilte Ireland ta amince da su. Akwai kuma ƙungiyar Ireland's Blue Book, tun 1974 take tara tsofaffin gidajen karkara, sai dai nata sun fi tsada. Ka duba a intanet, amma kada ka biya sai ka buga waya. A gida irin wannan, mai ɗaukar wayar sau da yawa ita ce za ta soya muku ƙwai da safe, kuma daga muryarta za ka gane irin karɓar da za a yi muku. Tambaye ta ko ɗakin yana da banɗakinsa a ciki, don a tsohon gini ba kowane ɗaki ke da shi ba. Ka ce gado ɗaya babba kake so, in ba haka ba kana iya tarar da ƙananan gadaje biyu da durowa a tsakani. Idan akwai mashaya a ƙasa, nemi ɗakin da ya fi nisa da ita, domin daren Juma'a da Asabar hayaniya takan kai tsakar dare. Sannan ka tabbatar kuɗin da aka faɗa na ɗaki ne ko na mutum ɗaya. A Ailan an saba rubuta farashin kowane mutum, sai ka ga ya ninka a ranar biya. Da yuro ake biya. In kun haura Ailan ta Arewa, fam ne.

Maganar abinci a wayar nan za ka gama ta, kada ka bari sai kun zauna a tebur. Karin kumallon da suke alfahari da shi alade ne kusan gaba ɗaya: soyayyen nama, tsiran alade, da wani baƙin curi da ake yi da jini da hatsi. Gaya mata tun wuri ba kwa cin alade, ba kwa shan giya. Ban taɓa ganin wanda ya ɓata rai kan wannan ba, sun saba da masu zaɓen abinci. Abin da za a kawo muku a madadinsa ma ni ya fi min: ƙwai da kifin salmon mai hayaƙi, kunun hatsin ot da zuma, da burodinsu mai ruwan ƙasa da ake tasarwa da soda maimakon yis, a shafa masa man shanu da kauri. Inda za ka sa ido shi ne abincin da ba a ganin abin da ke ciki. Miyar kifin nan mai madara, wasu suna jefa mata naman alade ko farar giya. Farfesun naman sa da baƙar giyar Guinness ake yawan dafa shi. Har kunun safe akwai masu ɗiga masa wiski don karramawa. Idan kuna kiyaye yanka, ku tsaya kan kifi, a bakin teku kuke, ba za ku yi asara ba.

Abincin dare kuwa ba kowane gida ke yi ba, masu yi ma sai an sanar da su tun da rana. A ƙauye kicin yakan rufe wajen ƙarfe tara. Wanda ya yi sakaci, shayi da biskit ne rabonsa.

Mota za ku buƙata. Hagu ake bi, kuma yawancin motocin haya masu giyar hannu ne, mai sarrafa kanta sai an nema da wuri, an ƙara kuɗi. Ɗauki ƙarama. Hanyoyin da lambarsu ta fara da L ƙanana ne ƙwarai, katangar dutse hagu da dama, tumaki kwance a kan kwalta ba ruwansu da hon. Tun Fabrairun 2025 iyakar gudu a irinsu kilomita 60 ne a awa, kuma sau da yawa ko shi ba za ka kai ba. Ka karɓi lambar adireshin gidan da ake kira Eircode. Kowane gida a ƙasar yana da tasa, ita ce za ta kai ka ƙofa, don gidajen karkara da yawa ba su da lambar titi. Yi ƙoƙari ku isa da sauran haske.

Mayu, Yuni da Satumba su ne zaɓina. Gidaje da dama suna rufewa da hunturu, wasu sai Maris. In Satumba ce kuma Clare, ka yi la'akari da bikin haɗa aure na garin Lisdoonvarna, ɗakunan yankin cika suke. A Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen goma na dare, asuba kuma ta yi sammako, saboda haka ka duba lokutan salla kafin ku taso. Alƙibla tana tsakanin gabas da kudu maso gabas. Ruwa kuwa kowane wata ana yi. Ku zo da rigar ruwa mai hula da takalmin da ba ya jin laka, lema iskar teku karya ta take yi.

Fita ɗaya a rana ta wadatar. A Clare, tsaunukan Moher ne, inda gaɓa ta miƙe mita 214 a kan teku. Ku je da sassafe ko da yamma bayan manyan motocin 'yan yawo sun watse, kuma kada ku tsallake shinge don hoto. A Connemara ni Kylemore nake kai uwargida, wani katafaren gida ne a bakin tafki. Wani attajiri, Mitchell Henry, ya fara gina shi a 1867 saboda matarsa Margaret. Ta rasu a 1874, sai ya gina ƙaramar majami'a a gefen tafkin don tunawa da ita. Tun 1920 mata masu zaman ibada ne ke riƙe da wurin. Ba ta labarin kafin ku isa, ya fi daɗi daga bakinka. In kun bi ta Galway, saya mata zoben Claddagh, mai hannaye biyu riƙe da zuciya da kambi a sama.

Ku dawo gida kafin magariba. Yawancin gidajen nan suna da falo da murhu, wasu har yanzu suna ƙona busasshiyar ƙasar fadama da ake yankowa kamar tubali, ƙamshinta yakan kama tufafi. Nemi a kawo muku shayi can, ka bar wayarka a ɗaki. In masu gidan sun zauna hira, ku ba su lokaci, su za su gaya muku bakin tekun da babu kowa gobe.

Ranar tafiya, yawanci kafin sha ɗaya ko sha biyu ake sakin ɗaki. In kuna son ƙarin awa, tambaya tun daren. Riƙe 'yan tsabar kuɗi, ƙananan gidaje ba duka ke karɓar kati ba, kuma a gidan abinci kashi goma cikin ɗari ya isa tukwici.