Yadda ake zaɓen tumatir mai ɗanɗano a Makka da Jidda: halaga ko babban kanti?

Duk wanda ya saba da tumatirin fadamun Kura da Kadawa, sannan zama ya kawo shi Makka ko Jidda, zai ga cewa tumatir a nan ba ya yankewa rani da damina, kuma kusan kullum ja ne sumul, amma sau da yawa idan aka yanka shi sai a tarar da shi lami, babu ƙamshi, babu zaƙi, babu ɗan tsamin nan da ke tayar da miya. Mutanenmu kan ce laifin manyan kantuna ne, a je halaga kawai, wato babbar kasuwar kayan gwari. Akwai gaskiya a ciki, sai dai ba ta cika ba, domin wurin da aka sayi tumatir bai kai lokacin da aka tsinke shi da sanyin da ya sha a hanya muhimmanci ba.

Tumatirin da zai yi doguwar tafiya, kamar wanda ake shigowa da shi daga Jodan ko Masar, ana tsinke shi ne tun bai gama nuna ba don ya jure lodi da saukewa, sai ya yi ja a hanya ko a rumbun ajiya, wani lokaci ma da taimakon iskar etilin. Launi yana zuwa, amma sukarin da ganye ke turawa cikin ɗa ya tsaya tun ranar da aka raba shi da uwarsa. Sanyi kuma yana ƙara masa rauni: ƙasa da digiri 12 tumatir yana fara rasa sinadaran ƙamshinsa, kuma binciken da aka yi a Jami'ar Florida a 2016 ya nuna cewa wanda ya yi mako guda a sanyin digiri 5 ba ya dawo da ƙamshinsa duka ko da an fito da shi. Saboda haka tambayar farko da mai saye zai yi, a kanti ko a kasuwa, ita ce daga ina kayan suka fito.

A babban kanti, amsar tana jikin takardar farashi ko jikin leda, inda ake rubuta ƙasar da aka noma shi. A fifita na cikin gida, wanda ake rubuta wa "mahalli" ko "waɗani", don tafiyarsa ba ta da nisa. A taɓa shi, idan an ji ya yi sanyi ƙalau kamar ruwan firiji, to a rage masa daraja. Wanda ake sayarwa a jikin reshe yana da ƙamshi mai jan hankali, amma a sani yawancin ƙamshin nan na reshen ne da ɗan ganyen da ke hancinsa, ba na ɗan tumatirin ba, kuma ba a cin reshe. A ganina abin da ya fi cancantar kuɗinsa a kanti shi ne ƙananan tumatir masu girman goro ko ƙasa da haka, domin sukarinsu ya fi na manya, kuma ba su cika ba mutum kunya ba ko da a tsakiyar zafi.

Halaga kuwa, ko ta Ka'akiyya a Makka ko babbar halagar Jidda, ba kasuwar manoma zalla ba ce irin wadda mai gona ke zama a bayan kwandonsa. Kasuwar sari ce, kamar 'Yankaba a Kano, kuma wani kayan da ke cikinta daga mota ɗaya ya sauka da wanda ke kanti. Fifikonta shi ne akwai zaɓi, akwai mai amsa tambaya, kuma akan samu tumatirin gonakin kusa wanda ya nuna sosai har ba zai iya jiran kwanakin kanti ba. A je da sassafe bayan asuba, kafin rana ta dafa kayan. A tambayi mai sayarwa ko baladi ne, wato na gida, daga wace gona, kuma yaushe aka sauke. Idan za a ɗauki kwali guda, a nemi a ɗaga na sama a ga na ƙasa, domin ba a Kano kaɗai ake yi wa kwando ado ba. Mai sayarwar da ya yarda da kayansa ba ya ƙin yanka ɗaya a gani, kuma cikin tumatir mai kyau ja ne har tsakiya, cike da ruwa mai kauri a kewayen 'ya'yansa, ba fari mai tauri ko rami fanko ba.

Hannu da hanci sun fi ido iya wannan aiki. A ɗora shi a tafin hannu, ya kamata a ji ya fi girmansa nauyi. A ɗan danna shi a hankali, ya ba da kai kaɗan ba tare da ya lotsa ba. A sansana wajen hancinsa, idan babu komai to da wuya a samu wani abu a baki. Kada a ƙi tumatir don kafaɗarsa ta ɗan yi kore ko siffarsa ba ta daidaita ba, domin wani bincike da aka fitar a 2012 ya gano cewa halin gadon da masu kiwon iri suka zaɓa don tumatir ya riƙa yin ja bai ɗaya, shi ne kuma ya rage masa sukari. Abin gudu shi ne tsagewar da ke tsiyaya, da tabo mai laushi, da warin tsami.

Lokaci ma yana da nasa hukuncin. Tumatir ba ya son zafi mai tsanani: idan ya haura digiri 30 sinadarin da ke ba shi jan launi yana raguwa sai ya koma ruwan lemo, idan ya ƙara tsananta kuma fure ya zube. Don haka daga Disamba zuwa Maris ne na fili ke yin kyau da araha, kuma a wannan lokaci halaga ta fi kanti nesa ba kusa ba. Da bazara kuwa yawancin abin da ake samu na rumfunan noma ne masu sanyaya, sai na wurare masu tudu irin su Ɗa'ifa, kuma a nan tazarar da ke tsakanin kasuwa da kanti tana raguwa sosai.

Sai kuma a duba abin da za a dafa. Miyar dage-dage tana son dogon tumatir mai tsoka da ƙarancin ruwa, irin wanda muke kira UTC a gida, kuma nunanne lugub da 'yan halaga ke karya wa farashi ya fi kowanne dacewa, muddin a ranar za a markaɗa. Salak da dakkus, wato haɗin tumatir da barkono da ake ci da shinkafar kabsa, kuwa, tunda wuta ba ta daɗewa a kansu ko ma ba ta taɓa su, suna buƙatar mai zagaye mai ruwa da ƙamshi.

Idan an iso gida, a shimfiɗa shi a faranti, hancinsa a ƙasa, a wuri mai inuwa a ɗakin da ke da na'urar sanyaya iska, ba kusa da murhu ba. Wanda bai gama nuna ba a sa shi cikin jakar takarda tare da ayaba, zai nuna cikin 'yan kwanaki. Wanda ya nuna sarai kuma ba za a ci shi yau ko gobe ba, a zafin Makka gara firiji da ruɓewa, amma kada ya wuce kwana uku, kuma a fito da shi ya huce kafin a yanka.