Yadda Ake Mayar Wa Tataccen Ruwan Sha Da Ma'adinansa A Gida

Wanda ya kafa na'urar RO, wato mai tace ruwa ta hanyar matsa shi ya ratsa wani siririn tantani, a kan ruwan burtsatsensa ya san wannan matsalar. Ruwa ya fito garau, ba wari ba gurɓata, amma ka kurɓa ka ji shi salam, shayin da aka dafa da shi ma lami. Tantanin da ke cikin na'urar ba ya zaɓe. Yana tare fiye da kashi 90 cikin ɗari na duk abin da ya narke a ruwa, dalma da zartsi su tafi, kalsiyam da magniziyam su bi bayansu, alhali su ne ke ba ruwan rijiya mai kyau garɗinsa.

Ba magani za mu haɗa ba. Mafi yawan waɗannan ma'adinai daga abinci jiki ke samunsu: nono, wake, gero, zogale. Amma a kundin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2005 kan sinadaran gina jiki a ruwan sha, akwai babin da ya kawo shawarar masana cewa kada magniziyam ya gaza miligiram 10 a lita, kalsiyam kuma kada ya gaza 20. A kan waɗannan alƙaluma na gina awon da ke ƙasa.

Da farko ka tanadi kaya. Gishirin Epsom, wanda ake samu a kyamis, shi zai ba da magniziyam. Wasu masu awara ma da shi suke haɗa madarar waken suya. Sai kalsiyam kulorayid, wanda aka yi don abinci, ba na masana'anta ba. Sai bekin soda. A kula, ba bekin foda ba, shi akwai sitaci da sinadarin tsami a ciki. Za ka buƙaci kwalabe uku masu lita ɗaya-ɗaya, ƙaramin sikeli na dijital irin na masu sayar da gwal, sirinji mai mililita 20, da ɗan ma'aunin TDS, wannan mai kama da biro da ake tsoma wa a ruwa ya nuna yawan abin da ya narke a ciki.

Na san wani zai ce, ga kanwa a kicin, me ya kai mu kyamis? Kanwa ba ta da tsayayyen awo, ta wannan kasuwa daban da ta waccan, ga yashi da ƙasa, kuma sodiyam ne ya fi yawa a cikinta. Haka jan gishirin Himalaya da ake ta tallarsa: kusan dukkansa gishirin miya ne, kafin ka samu magniziyam ɗin kirki daga gare shi ruwan ya zama ba ya shayuwa.

Mataki na biyu shi ne haɗa ruwa mai kauri, domin auna giram ɗaya ko biyu kullum wahala ce, kuskure kuma ba ya wuya. Ka wanke kwalaben sosai. A ta farko ka zuba giram 20 na gishirin Epsom, ka cika ta da tataccen ruwa. A ta biyu giram 15 na kalsiyam kulorayid, idan an rubuta dihydrate a jikin ledar; in kuwa anhydrous aka rubuta, giram 11 ya isa. Za ka ji kwalbar ta ɗan yi ɗumi yayin da yake narkewa, ba komai. Ragowar ka rufe shi ruf, don yana zuƙar laimar iska ya jiƙe. A ta uku giram 10 na bekin soda. Ka girgiza kowace har ta narke, ka rubuta suna da kwanan wata a jiki.

Kada ka yi dabarar haɗa ukun a kwalba ɗaya. Ni na yi, don ƙyuya. Nan take ruwan ya yi fari kamar an dama koko, da gari ya waye na tarar da farin gari kwance a gindin kwalbar. Kalsiyam ne ya haɗu da sodar ya koma alli, wanda ba ya narkewa. A cikin jarka hakan ba ya faruwa, saboda ruwan ya yi yawa, sun tsinke.

Na uku, zubawa. Ga jarka mai lita 20 ta tataccen ruwa, ka ɗebi mililita 100 daga kowace kwalba, wato sirinji biyar. Ka fara da Epsom ka girgiza, sannan kalsiyam ka girgiza, soda a ƙarshe. In jarkarka mai lita 25 ce, mililita 125 za ka sa. Wannan zai ba ka kusan miligiram 10 na magniziyam da 20 na kalsiyam a kowace lita, sodiyam kuma bai wuce 14 ba. Haɗi ɗaya zai yi maka jarka goma.

Daga nan sai ka tsoma ma'auni. Ruwan RO mai kyau kan nuna ƙasa da 30. Bayan haɗi ya kamata ka ga wani abu tsakanin 120 da 170. Ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya ta tsayar da iyaka a 500, ka ga da sauran tazara. In ya haura sosai, an yi kuskuren awo, sai ka ƙara tataccen ruwa. Ka ɗanɗana kuma. Ɗaci-ɗaci alama ce Epsom ya yi yawa, kuma yawansa na sa gudawa, don dama maganin wankin ciki ne. In ka ji santsi kamar sabulu a harshe, soda ce.

Duk wannan ba ya kashe ƙwayar cuta ko ɗaya. Ruwan da ba a tace ko an tafasa ba, zuba masa ma'adinai bai canja shi ba, kuma jarka mai datti tana iya ɓata mai tsabta. Kwalaben uku a ajiye su a firji, nesa da yara, kada wani ya ɗauka ruwan sanyi ne ya kwankwaɗa. Kada a haɗa madarar jarirai da wannan ruwa, mai ciwon ƙoda kuma ya tambayi likitansa tukuna.

Wanda ba shi da haƙurin sikeli da sirinji, akwai ƙarin bututu mai ɗauke da tsakuwar alli da ake ɗaura wa na'urar RO a bakin fitar ruwa. Ruwan na ratsawa ya ɗebi kalsiyam da kansa. Sai dai tsakuwar tana cinyewa a hankali, don haka ka riƙa tsoma ma'auninka duk wata. Ranar da lambar ta koma kusa da ta ruwan da ba a yi wa ƙari ba, lokacin canja bututun ya yi.