Kurakuran masu ziyartar tsohon lambun tsirrai

Babban kuskure shi ne mutum ya ɗauki wurin kamar filin shan iska: ya shiga, ya ɗauki hoto a bakin ƙofa, ya juya. Yawancin tsofaffin lambunan nan ba don ado aka kafa su ba. Na garin Aburi a Ghana an buɗe shi a 1890, daga can kuma aka riƙa raba wa manoma dashen koko. Na Limbe a Kamaru Jamusawa suka kafa shi a 1892 don gwajin roba da kofi da koko. Ka nemi tarihin wurin kafin ka tashi, ka ware masa aƙalla awa biyu, ka kuma je da sanyin safiya.

Sai ɗan allon da ke jikin kowace bishiya, wanda mutane ke wucewa don sun ga Latin. Kalmomi biyu ne kawai: ta farko dangi, ta biyu nau'i. Adansonia digitata kuka ce, Tamarindus indica tsamiya, Ceiba pentandra kuwa rimi. Sau da yawa akan rubuta ƙasar da itacen ya fito. Ɗauki hoton allon tare da bishiyar, in ba haka ba kana komawa gida sunayen sun cakuɗe.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sassaƙa suna a jikin itace. Ƙarƙashin ɓawon nan ne hanyar da abinci ke bi daga ganye zuwa saiwa. Duk yankan wuƙa ƙofa ce ga ƙwari da ruɓa, in kuma ya zagaye gindin, bishiyar da ta shekara ɗari sai ta bushe a tsaye. Haka ajiye mota a inuwarta: ƙananan saiwoyin da ke shan ruwa suna kusa da saman ƙasa, nauyi na danne ƙasar ya hana su iska. Bi hanyar da aka fitar.

Kada ka tsinki ganye ko iri, balle ka ɗanɗana. Ba duk ɗan itace mai kyan gani ake ci ba, 'ya'yan zurma ma suna kisa. A riƙe hannun yara.

Lambun ƙaramin gari ma'aikatansa kaɗan ne, don haka tambayi ranakun buɗewa tun daga gida, ka tafi da ruwan sha. In ka tarar da mai ban ruwa ko mai share ganye, gaishe shi, ka tambaye shi wace bishiya ce ta fi tsufa.